Yadda Ake Yafe wa Wanda Ya Cuce Ka: Jagora Ga Mai Bi da Zuciyarsa Ta Ƙi Hucewa

Lahadin farkon wata ce, ana Jibin Ubangiji a majami'armu nan Jos. Dattawa sun shigo da farantan ƙananan kofuna, ana miƙawa hannu zuwa hannu a kan benci, ni kuma tsautsayi ya zaunar da ni kusa da matar da na yi wata takwas ina kauce wa hanyarta. Na ɗauki kofina, na tura mata farantin ban ko dube ta ba. Bakina yana bin waƙa, cikina yana tafarfasa. Abin kunyar shi ne, tun da daɗewa na riga na faɗa a gaban Mama Fasto cewa, "Ba komai Mama, ya wuce."

Adashe muka yi mu goma sha biyu a zumuntar mata, naira dubu 20 kowane wata, ita ce uwar adashe. Ita ce kuma babbar ƙawa ranar aurena. Na roƙi a ba ni kwasar watan Satumba saboda kuɗin makarantar yara. Wata ya kama, ya mutu, ba kuɗi. Daga baya na ji ta zuba su a cinikin dankalin turawa daga Bokkos, ya ruɓe mata a ɗaki. Da ta zo ta faɗa mini haka, da fushin kwana biyu zan yi in huce. Sai ta bi sauran mata tana cewa ai ta ba ni kuɗina, ni ce nake neman ci biyu.

Abin da zan shimfiɗa a nan shi ne hanyar da na bi, da inda na yi tuntuɓe, da abin da na gani a wurin waɗanda aka yi wa abin da ya fi nawa nesa ba kusa ba. Zan riƙa cewa "ka", amma 'yar'uwa har da ke nake.

Da farko, daina cewa "ba komai"

Mu nan an raine mu da haƙuri. Yaro ya zo da kuka, a ce yi haƙuri. Mace ta kawo ƙarar miji, a ce ki yi haƙuri. Haƙuri abu ne mai kyau, amma sau da yawa abin da muke kira haƙuri haɗiyewa ce kawai, abin da aka haɗiye bai narke ba kuwa yana nan a ciki. Wanda ya ce ba komai bai yafe komai ba, tun da ya ce babu abin yafewa.

Dubi misalin da Yesu ya bayar a Matiyu 18:23-35. Sarkin da yake cikin misalin bai fara da yafewa ba, da lissafi ya fara. Aka buɗe littafi, aka ga bawa yana da bashin talanti 10,000, sannan aka yafe. Yusufu ma, da 'yan'uwansa suka zo suna rawar jiki bayan rasuwar mahaifinsu, bai ce musu ai wasan yara ne ba. A Farawa 50:20 ya faɗa musu a fili cewa mugunta suka nufe shi da ita, Allah ne ya juya ta ta zama alheri.

To kai ma yi lissafinka. Nemi takarda da biro, ka keɓe inda ba mai damunka, ka rubuta abin da aka yi maka, da abin da ka rasa ta dalilinsa. Kada ka ƙara gishiri, kada ka rage. Ranar da na yi nawa na sha mamaki. Na ɗauka naira 240,000 ce take cina. Da na rubuta sai abu uku suka fito: kuɗin, sunana da aka ɓata a gaban matan da nake sa zanin zumunta ɗaya da su, da ƙawar da na rasa. Kuɗin ne ma mafi sauƙi a ciki. Wata takwas ina ta kokawa in yafe kuɗi, alhali ciwon yana wani wuri dabam.

Na biyu, kai fushin gaban Allah yadda yake

Akwai masu tunanin in za su yi addu'a sai sun wanke fuska sun yi murmushi tukuna. Buɗe Zabura 55 ka ga Dawuda. Yana cewa da maƙiyi ne ya zage shi da ya jure, amma abokinsa ne, wanda suke hira mai daɗi suna tafiya Haikali tare. Ranar da na karanta wannan na ajiye Littafi Mai Tsarki na yi kukan da ban yi ba tun farkon abin. Afisawa 4:26 bai hana fushi ba, cewa ya yi kada fushin ya kai ka ga zunubi, kada kuma rana ta faɗi kana riƙe da shi.

Amma a nan akwai rami, kuma yawancinmu mun faɗa. "Na bar shi da Allah." Kalma ce mai kyau, tana da tushe a Romawa 12:19, inda aka ce kada mu rama, ramako na Ubangiji ne. Sai dai a bakin mutane da yawa "Allah ya isa" ce aka sa mata rigar coci. Mutum ya ce ya bar wa Allah, amma kunnensa yana waje yana jiran ya ji mota ta faɗi da wane ko shagonsa ya ƙone, ya ce, "Ai na faɗa." Wannan bai bar wa Allah ba, ya aiki Allah ne ya rama masa.

Ga yadda za ka gwada kanka. Tambayi zuciyarka: in Allah ya ga dama ya ji tausayin mutumin nan, ya tuba, kasuwarsa ta buɗe, 'ya'yansa suka yi albarka, zan iya jurewa? Annabi Yunusa bai iya ba. Da Allah ya ƙyale Nineba, fita ya yi bayan gari ya zauna yana fushi har yana roƙon mutuwa. In amsarka irin ta Yunusa ce, faɗa wa Allah haka ɗin, ba ɓoye-ɓoye. Kuma ka yi hankali da irin addu'ar kwana da ake ta kiran wuta a kan maƙiya ana buga ƙafa. Yakubu da Yahaya sun taɓa neman izinin kiran wuta a kan wani ƙauyen Samariyawa, a Luka 9:54-55, Yesu ya juya ya tsawata musu.

Na uku, ɗaure hannu da harshe tun zuciya ba ta yarda ba

Wannan mataki ba ya jiran ka ji daɗi. Yau za ka iya farawa. Mu masu zuwa coci ba kasafai muke ɗaukar adda ba, ramuwarmu ta ruwan sanyi ce. Habaici a sitatus na WhatsApp da ayar Zabura a ƙasa. Shaidar godiya a gaban jama'a wadda kowa ya san da wa ake. Gulma da sunan roƙon addu'a: "Mu sa wance a addu'a, kun san abin da ta yi mini kuwa?" Hana yaranka wasa da nata. Ɗauke kai a bakin ƙofar majami'a yadda kowa zai gani. Duk na yi su, ban da shaidar, ita ma don ba a ba ni makirufo ba ne.

Zaɓi mutum ɗaya ko biyu masu riƙon amana, waɗanda ba za su zuga ka ba, ka riƙa sauke musu nauyin. Sauran jama'a in sun zo da "me ya haɗa ku?", ce musu ana kan gyarawa. Magana zarar bunu ce, kuma duk wanda ka ba labarin ka ɗora masa ƙullacin da ko kai ka huce shi ba lallai ya huce ba. Ibraniyawa 12:15 ya kira shi saiwar ɗaci mai tsirowa ta ƙazantar da mutane da yawa. Yara ne suka fi saurin kamuwa. Ɗiyata ta fari ta daina gaishe da matar nan ba tare da na taɓa ce mata ta daina ba.

Na huɗu, duba naka littafin bashin

Koma kan misalin nan na Matiyu 18. Dinari ɗaya ladan ma'aikaci ne na yini guda, talanti ɗaya kuwa wajen dinari 6,000 ne. Bashin da aka yafe wa bawan nan ke nan ya kai dinari miliyan 60, aikin fiye da shekara 160,000 ba hutun ko kwana ɗaya. Shi kuma ya fita ya shaƙe wuyan ɗan'uwansa a kan dinari 100. Ka lura, dinari 100 ba wasa ba ne, ladan fiye da wata uku ne. Yesu bai ce abin da aka yi maka ƙarami ne ba. Ya ajiye shi ne kusa da abin da aka yafe maka.

Wannan ba yana nufin ka nemo laifinka a cikin abin da aka yi maka ba. Wani lokaci kana da kaso, sai ka amsa. Wani lokaci ba ka da ko ɗigo, kada kuma kowa ya ɗora maka. Abin nufi, mai yafewa shi ma wanda aka yafe wa ne. Kowace Lahadi muna cewa, "Ka gafarta mana laifofinmu, kamar yadda mu ma muke gafarta wa masu yi mana laifi." Na yi watanni ina rage murya in an zo wannan layi.

Na biyar, yanke shawara ka faɗa da bakinka

Yafewa sakin bashi ne. Kana cewa: wane ya ci mini kaza, gaskiya ne, amma daga yau na daina bin sa da ramuwa, na daina fatan sharri ya same shi, na mayar da shari'ar hannun Mai ita. Ɗauko takardar nan taka, ka bi abin da ka rubuta ɗaya bayan ɗaya, ka ambaci sunan mutumin da abin da ya yi, ka ce ka yafe saboda Almasihu. Da murya, ba a zuci ba. Rubuta kwanan wata a bangon Littafinka. In kana so ka ƙone takardar, ƙone ta.

Kada ka jira sai ka ji sanyi a rai. Ni ranar da na yi ban ji komai ba, na tashi na ɗora tukunyar gwate. Bayan kwana huɗu na hango ta a kasuwar Taminus tana taya atamfa, nan take abin ya dawo sabo fil, na ce a raina mai bashi ce take sayen zani. A nan kwanan watan yake da amfani. Sai ka ce wa zuciyarka, ranar kaza na saki wannan, ba zan koma in tsince shi ba. Da Bitrus ya tambayi Yesu ko yafewa sau bakwai ta isa, aka ce masa bakwai har sau saba'in, na daɗe ina ɗauka laifi 490 dabam-dabam ake nufi. Yanzu na ga sau da yawa laifi ɗaya ne yake dawowa, kana sake sakinsa, yau a kasuwa, gobe a wurin biki, jibi da tsakar dare. Tazarar tana ƙaruwa, zafin yana raguwa, amma a hankali.

Ana yawan gardama a nazarin Littafi ko dole ne a yafe wa wanda bai nemi gafara ba. Masu cewa a'a suna kawo Luka 17:3, inda aka ce in ɗan'uwanka ya yi laifi ka tsawata masa, in ya tuba ka yafe masa. Masu cewa i suna kawo Markus 11:25, cewa in ka tsaya yin addu'a ka yafe duk abin da kake riƙe da wani, da addu'ar Yesu a kan gicciye a Luka 23:34, da ta Istifanas ana jifansa a Ayyukan Manzanni 7:60. Ba wanda ya tuba a cikin masu jifan nan a lokacin. A ganina duka biyun gaskiya ne, abu biyu ne ake kira da suna ɗaya. Sakin ramuwa aikinka ne kai kaɗai, ba ya jiran kowa. Sulhu kuwa, wato komawa zama irin na dā, sai da mutum biyu, kuma sai mai laifi ya amsa laifinsa. Shi ya sa Romawa 12:18 ya ce in mai yiwuwa ne, iyakar abin da yake hannunka, ka zauna lafiya da kowa. Manzo Bulus ya san wani lokaci ba ya yiwuwa.

Na shida, je ka same shi

Wannan ne matakin da muka fi gudu. Mun fi son mu gaya wa kowa ban da mai laifin. Amma tsarin Matiyu 18:15-17 a fili yake: ka fara zuwa kai kaɗai, in bai ji ba ka ɗauki mutum ɗaya ko biyu, in ya ƙi sannan a kai wa ikkilisiya. Mu kan juya shi, mu fara da ofishin Fasto.

Kada ka yi wannan magana ta waya, balle ta saƙon tes. Kada ka tare mutum a bakin majami'a an tashi sujada, ko a gidan biki, ko gaban matarsa da 'ya'yansa. Aika masa cewa kana son ganinsa, ku sa lokaci. Ku gaisa sosai kamar yadda aka saba. Sannan ka faɗi abu ɗaya ko biyu da suka fi ci maka rai, ba tarihin shekara goma ba, kuma ka faɗi abin da ya faru maimakon ka zagi halinsa. "Kin ce wa mata kin ba ni kuɗina, alhali ba ki ba ni ba, abin ya ɓata mini suna" yana buɗe ƙofa. "Ke maƙaryaciya ce tun asali" yana rufe ta. In ka gama, yi shiru ka saurara. Kada kuma ka buɗe baki da "na yafe maka" ga wanda bai yarda ya yi laifi ba, zai ji kamar mari.

In wanda ya yi maka laifin babba ne, suruki ko kawu ko dattijon ikkilisiya, al'adarmu ba ta ba ka damar zaunar da shi kai tsaye ba, kuma ba laifi ka bi ta hannun sa'ansa da yake jin nauyi. Ka rusuna ka ce, "Baba, akwai abin da yake damuna, ina roƙo a ba ni dama in faɗa." Girmamawa ba ta hana gaskiya. In kuwa mutumin ya taɓa dukanka ko ya yi maka barazana, kada ka je kai kaɗai, wataƙila ma kada ka je sam.

Ni na je da yamma cikin sanyin Disamba, na same ta tana tsince acca a tire. Ta ce, "Malama, sannu da zuwa." Shekara goma sha biyar tana ce mini ƙawata, yau na zama Malama. Na faɗi abin da ya kawo ni. Ta ce ita ba ta tuna ta faɗi haka ba, mutane ne suke ƙara magana. Hannunta bai daina tsintar accan ba, idonta bai bar tiren ba. Na dawo gida da takaici. Bayan sati uku muka koma da Mama Fasto da wata dattijuwa da aka faɗi maganar a gabanta. A nan ne ta fashe da kuka, ta ce kunya ce ta sa, ta rasa yadda za ta fuskanci mijinta. Ba kowa yake samun ko wannan ba. Wani za ka je sau uku ya ƙi, sai ka bar shi, ka yi naka.

Na bakwai, raba yafewa da amana, raba ta da shari'a

A nan ake yi wa masu bi mummunar fahimta, har a cuce su sau biyu. A ce tun da ka yafe sai ka manta, ka mayar da mutum inda yake dā. Yusufu ya yi fiye da shekara 20 rabonsa da 'yan'uwansa, da suka zo Masar bai faɗa jikinsu nan take ba. Daga Farawa 42 zuwa 44 gwada su yake yi, ya ga ko za su sayar da Biliyaminu yadda suka sayar da shi. Sai da Yahuza ya ce a kama shi a madadin yaron, sannan Yusufu ya bayyana kansa. Dawuda ya sami Saul a hannunsa sau biyu ya ƙyale shi, Saul har da kuka, amma Dawuda bai bi shi fada ba, kowa ya kama hanyarsa. Gafara kyauta ce. Amana kuwa sai an gani a ƙasa.

Haka biyan abin da aka ci. Tuban Zakka a Luka 19 da kuɗi a hannu ya zo, ya ce zai mayar ninki huɗu ga duk wanda ya cuta. Kana iya yafe wa mutum har ga Allah, ka kuma ce ya biya. Kana iya yafe bashin ma in ka ga dama, amma kai ne za ka zaɓa, ba a matsa maka ba. Mu mun rubuta yarjejeniya, dubu goma-goma duk wata, kuma ta tsaya a taron mata ta gyara maganar da ta ɓata. Na biyun ya fi mini na farkon.

Shari'a ma tana nan. Romawa 12 ya hana ni ramuwa, Romawa 13 ya ce hukuma ba a banza take riƙe da takobi ba. Bulus da aka yi masa bulala a Filibi ba bisa ƙa'ida ba, ya ƙi fita a ɓoye, ya ce sai mahukuntan sun zo da kansu. Saboda haka ina roƙon iyayenmu fastoci da dattawa: matar da ta zo da kumburarren ido, kada a karanta mata bakwai sau saba'in a mayar da ita ɗakin a daren. A fara nema mata wurin da za ta tsira. Wanda ya lalata yarinya, ko malamin makarantar Lahadi ne ko ɗan dattijo, a kai shi hannun hukuma, kada a rufe da sunan kare mutuncin ikkilisiya. Iyaye suna iya yafewa a zuciya, amma ba su da ikon yafewa a madadin yarinyar da zai taɓa gobe.

In jini ne a tsakani

Duk abin da na faɗa a sama a kan adashe ne da ɓata suna. A garin nan akwai waɗanda nasu ba kuɗi ba ne. Wanda ya zauna a Jos ya san rikicin 7 ga Satumba 2001, ya san na Nuwamba 2008 da na Janairu 2010, ya san kisan Dogo Nahawa a watan Maris na shekarar, da bama-baman jajibirin Kirsimeti a Unguwar Rukuba da Gada Biyu, da harin hedikwatar ikkilisiyar COCIN a Fabrairu 2012, da na Taminus a Mayu 2014. Kusan kowane benci a majami'unmu akwai gwauruwa ko maraya na ɗaya daga cikin ranakun nan. A masallatan garin ma haka ne, su ma sun binne nasu.

Ban rasa miji ko ɗa ba, don haka a nan da sanyin murya nake magana. Abu na farko, kada a yi wa mai makoki gaggawa. Na taɓa ganin an miƙa wa mace makirufo a bakin kabari ana so ta ce ta yafe, gawar ba a ko rufe ba. Wannan zalunci ne. Abokan Ayuba sun yi kwana bakwai zaune da shi ba su ce uffan ba, kuma wannan ne abu mafi kyau da suka yi masa. Mai firgita da dare, mai jin ƙarar taya ta fashe ya faɗi ƙasa, ba rashin bangaskiya ke damunsa ba, rauni ne a rai, kuma yana da masu duba shi. Akwai sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos (JUTH), akwai kuma masu ba da shawara da aka horar a ikkilisiyoyi da dama. A je, ba abin kunya ba ne.

Abu na biyu, in lokaci ya yi, a mayar da laifin kan masu shi. Wahalar irin wannan rashi ita ce sau da yawa ba ka san fuskar wanda ya yi ba, sai zuciya ta ɗora wa kabila guda ko addini guda, har da jaririn da aka haifa jiya. Haka garinmu ya rabu, unguwar da ka girma ta zama inda ba ka shiga. Amma a Yunin 2018, da aka kai hari ƙauyukan Barikin Ladi, Liman Abubakar Abdullahi na Nghar Yelwa, tsoho mai shekara sama da 80, ya ɓoye Kiristoci fiye da 200 a masallacinsa da gidansa, ya tsaya a ƙofa ya ƙi ba da su. Duk wanda zai ce "dukansu ɗaya ne" sai ya fara tsallake wannan tsoho.

Akwai kuma Fasto James Wuye da Imam Muhammad Ashafa na Kaduna. A rikicin 1992 Wuye ya rasa hannunsa na dama, Ashafa ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa. Sun haɗu a 1995, daga baya suka kafa cibiyar sulhu tsakanin addinai, har suka zo nan Filato suka taimaka aka ƙulla zaman lafiyar Yelwa da Shendam a 2005. Abin da ya fi taɓa ni a labarinsu, Wuye ya sha faɗa a bainar jama'a cewa ya yi shekaru suna aiki tare zuciyarsa tana raya masa ya cutar da Ashafa. Ƙafa ta riga zuciya isa. A zamanin Gwamna Simon Lalong an ware 7 ga Fabrairu a matsayin ranar yafiya da sulhu a jihar nan. Ba na raina ta, amma gwamnati ba za ta yafe a madadin gwauruwa ba, kuma taro ba ya maye gurbin kama masu kisa a hukunta su. Mai neman adalci a kan jinin ɗansa bai fita daga bangaskiya ba. Abin da aka hana shi shi ne ya ɗauki adda ya nemi ɗan wani.

Wanda yake son farawa, ya fara da ƙaramin abu. Wata dattijuwa a zumuntarmu, da aka ƙone gidanta a 2008, ta ce mini nata matakin farko shi ne ranar da ta koma Farin Gada wurin mai tumatirin da ta saba saye a hannunsa shekara da shekaru. Ya miƙe tsaye ya ce, "Mama, ashe kina raye?" Ta ce ba ta iya amsawa ba, ta dai miƙa masa bokitinta.

Na ƙarshe, yi masa alheri

Matiyu 5:44 ya ce mu yi wa masu tsananta mana addu'a, Romawa 12:20 ya ce in maƙiyinka yana jin yunwa ka ba shi abinci. Fara da addu'ar, ko da baki ne kawai, ka ambaci sunansa ka roƙa masa abin da kake roƙa wa kanka: lafiya, abinci, albarkar 'ya'ya. Da farko za ta yi maka ɗaci kamar maɗaci. Ci gaba. Sannan ka jira dama ta alheri wadda ba ta nuna kai ba ce, kada ka yi don a ce ka fi shi.

Tawa damar ta zo da aka kwantar da mahaifiyarta a asibiti. Na dama kunun gyaɗa na zuba a fulas, na tsaya a bakin titi na bar keke uku suka wuce kafin na iya tsayar da na huɗu. Na same ta zaune a kan tabarma a barandar ɗakin mata. Ba mu yi wata doguwar magana ba, na tambayi mai jiki, ta ce da sauƙi, na zauna kamar rabin awa na tafi.

Yau ta biya dubu 150, saura 90, wani wata ta kawo, wani wata ta ce in yi haƙuri. An sake ɗaura sabon adashe a zumunta, na shiga, amma da aka kawo sunanta a uwar adashe na ɗaga hannu na ce a ba wata, na kuma faɗa mata haka ido da ido kafin taron don kada ta ji a bakin wani. Ba ta ji daɗi ba. Har yanzu Malama take ce mini. Ɗiyata ta koma gaishe ta, bayan na zaunar da ita na ce mata ni ce na koya mata abin da bai dace ba. Lahadin da ta wuce an yi Jibi, mutum biyu ne a tsakaninmu a benci, farantin ya biyo ta wajenta, da ya iso hannuna na ɗaga kai muka haɗa ido.